Babin da Ummusalma ta Rubuta

Duk wanda ya yi karatu mai zurfi a Birnin Ƙonni cikin shekarun nan ya san shagon Ummusalma. Yana bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da wata mai turaren wuta. Ɗaki ɗaya ne, da ordinatar biyu, wato kwamfuta, da injin fotokopi mai nishi in aiki ya yi masa yawa, da bencin masu jira. Sana'arta buga takardu: wasiƙar neman aiki, katin biki, takardar sayar da gona. In ƙarshen shekarar karatu ya matso kuma sai memwar, wato littafin binciken da kowane ɗalibi zai rubuta ya kare a gaban malamai kafin a ba shi dipulom. Ɗalibai na ce mata Tanti, malamai na ce mata Madam. Mijinta Chindo, direban motar Ƙonni zuwa Dogarawa, in yana son tsokanarta sai ya ce mata Farfesa, ita kuma ta harare shi.

'Yar Alela ce. Ubanta manomi ne mai amalanken shanu, yana ɗauko wa mutane kara da ƙasar gini. Shi bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya sa ta, saboda wani mushe, malamin lakwal da aka turo garin, ya ce masa yarinyar tana da kai. Tana da kan kuwa, sai dai bai ɗauki lissafi ba. Ta zo lise, babbar sakandare, a Ƙonni, ta zauna gidan gwaggonta, ta kai aji na ƙarshe, ta zauna jarrabawar bak, mai buɗe ƙofar jami'a, sau biyu, sau biyu lissafi na kayar da ita. A karo na biyu ta daɗe tsaye gaban allon sunaye, har mai gadi ya zo ya ce mata ba a ƙara suna da rana. Ƙawayenta suka wuce jami'a a Yamai. Ita kuma wani tsohon sakatare na meri, ofishin magajin gari, ya ji tausayinta ya koya mata keken rubutu, daga nan ta koyi ordinatar, ta yi aure, ta haifi huɗu, ta buɗe shago. Maganar jami'a ba ta ƙara yin ta da kowa ba, amma in motar Yamai ta tashi cike da ɗalibai da akwatunansu, takan bar aiki ta leƙa.

Ana nan sai jami'ar ta biyo ta har gida. A shekarar 2012 wasu 'yan kasuwa da wani tsohon ma'aikaci suka buɗe jami'a mai zaman kanta a hanyar Tawa, cikin wani gidan bene da a dā otal ne. Sashe uku aka buɗe, wanda ya fi cika kuwa shi ne na hulɗar ƙasa da ƙasa. Garin bakin iyaka ne, kowa ya saba ganin mota mai tuta tana wucewa jandarma na ƙame mata. Matasa suka yi ta rajista, kowa na hangen kansa jakada, in abin ya ƙi, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji mai farar mota.

Malamai biyu ne suka riƙe sashen, kowanne da mazhabarsa.

Dokta Alkasum mutumin Malbaza ne, siriri, mai sanyin murya. Shi yake koyar da mazhabar ƙarfi. A ajinsa babu wata hukuma a saman ƙasashe, kowace ƙasa kanta ta sani, alkawari tsakaninsu yana mutuwa ranar da ya daina amfani, kuma wanda ya yarda da maƙwabci ya cuci kansa. Yana gama faɗin haka sai ɗalibi ya same shi a ƙofa ya ce kakarsa ce ta rasu shi ya sa bai kawo aiki ba, Dokta ya yi masa ta'aziyya, ko da kakar ta uku ce a shekarar. Littattafansa sun ƙare a aro. Motonsa kuwa, wato babur ɗinsa, maƙwabta sun fi shi hawa.

Dokta Oumarou ɗan Ilela ne, ƙato, mai dariya da ƙarfi. Shi yake koyar da mazhabar haɗin kai. A nasa ajin, in ƙasashe na ciniki da juna, suna zama teburi ɗaya, suna da ƙungiyoyi da dokoki, to amana za ta tsiro, yaƙi ya ragu. Makullin buron sashe, wato ofishinsu, a aljihunsa yake, bai taɓa yarda an yi na biyu ba. Alli ma nasa a kulle yake.

Abin da ya raba su gayyata ce zuwa taron masana a Dakar, tikiti ɗaya. Oumarou ya ce a bar shi ya tafi bana, baɗi Alkasum ya je. Alkasum ya yarda, har ya raka shi tasha. Baɗi ta zo, gayyata ta zo, Oumarou ya sake tafiya, ya ce ai sunansa ne a jikin takardar. Tun daga ranar ko sallama ba ta ƙara haɗa su ba. Amma sashe ɗaya suke, dole a tsara jarrabawa, dole a raba ɗalibai, kuma dukansu shagon Ummusalma suke kai takardu. Ta haka ta zama 'yar aike ba tare da an naɗa ta ba.

“Madam,” in ji Oumarou, “in wancan ya zo ki hwaɗa mishi ni ba yaronshi ba na. Ba shi za ya sa min rana ba.”

In Alkasum ya zo sai ta ce, “Dokta, abokin aikinka ya ce a gaishe ka. Ya ce Laraba ba ta yi mishi ba, ko Alhamis za ta yi?”

“Ya ce a gaishe ni?”

“Ya ce.”

“To, Alhamis ɗin.”

Shekara shida ana haka, jarrabawa ba ta taɓa wuce lokacinta ba.

Tun shekarar farko kowannensu ya kawo mata darasinsa rubuce da hannu, don a buga a raba wa ɗalibai. Ta buga na Alkasum cikin mako guda. Da ta fara na Oumarou sai ta ga yatsunta suna riga idonta. Ta ɗauko na farkon ta jera su. Shafi ashirin da shida na farko iri ɗaya ne, jimla da jimla, waƙafi da waƙafi. Har wata yarjejeniya da sarakunan Turai suka yi a 1648, dukansu sun rubuta 1684. Daga baya ta ji a bakin Alkasum cewa malami ɗaya ne ya koyar da su a Yamai, wani tsoho mai karanto darasi ana rubutawa, Oumarou na gaba da shekara uku. Ta gyara shekarar a duka biyun ta yi shiru. Ba wanda ya taɓa karanta na ɗan'uwansa, ɗalibai kuma ba sa karanta ko ɗaya sai daren jarrabawa ya matso.

Kowace shekara sukan dawo a sake bugawa, abin da ake canzawa shekarar da ke bango. Cikin shekara goma sha ɗaya Ummusalma ta haddace darasin biyu ba da niyya ba. Ta fara ganin inda kowanne ya yi gaskiya da inda ya tsallake abin da bai yi masa daɗi ba. Wata rana Chindo ya tsaya cin abincin rana a shagon, ta yi masa bayanin mazhabobin. Ya saurara har ya side hannu.

“To ni duka biyun nake yi,” ya ce. “Da sahe muna taron sandikar direbobi ana ɗan'uwa ɗan'uwa, da rana in ƙwace mishi fasinja. Wanga shi na karatun da aka biɗa har Dakar?”

“Tashi ka tahi, motarka ta cika.”

Wahalar tana kan ɗalibai. Doktoci biyu ne kawai, saboda haka duk memwar da ɗaya ya kula da ita, ɗayan ne zai duba ta ranar karewa. Ɗalibin Alkasum ya san Oumarou na jiransa, ɗalibin Oumarou ma ya san ko Alkasum mai sanyi ne, a wannan wurin kaɗai yana da haƙori. Ummusalma takan ba su shawara: nan ka rage kalmar ƙarfi, can ka yayyafa haɗin kai. Yawancin memwar ɗin dai kwafe-kwafe ne daga intanet, a kan yaƙe-yaƙen ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa. Takan buga su tana hamma.

Daminar 2023, bayan mulki ya canza hannu a Yamai, aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi har ba a ganin ƙarshensu. Kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙo, in ya zo ba ya zama. Takarda da tawada da ake kawo mata daga Sakkwato suka koma zuwa a bayan kabu-kabu, baburan haya, ta cikin gonaki. Chindo ya samo mata farantin sola, ta riƙa aiki daga hantsi zuwa la'asar. Gari ya shiga ƙunci, amma doktocin biyu ba a taɓa ganin su cikin walwala irin ta lokacin ba. Alkasum ya ce wa ajinsa ga abin da ya daɗe yana faɗa ya tabbata, ƙarfi ne ke magana. Oumarou ya ce wa nasa ga hujjarsa ta fito fili, wahalar da kowane ɓangare ke sha ta nuna ba mai iya rayuwa shi kaɗai.

Cikin waɗannan watanni ne Nazifa ta kawo memwar ɗinta. 'Yar Badagishiri ce, ubanta mai lambun albasa. Ita ba ta kwafo komai ba. Ta ɗauki littafi da biro ta bi 'yan albasa, da masu kabu-kabu, da mutanen da gidansu ke nan gonarsu ke can, da matan da ke ƙetarawa biki da suna, ta yi hira da mutum arba'in da uku. Ummusalma ta fara bugawa, a shafi na talatin ta ci karo da mijin gwaggonta yana bayanin yadda yake kai jakinsa gona a wata ƙasa ya dawo ya ci tuwo a wata. Ta yi dariya har mai gyaran waya ya leƙo. Karo na farko ke nan da ta tsinci wanda ta sani a cikin memwar.

Babi na biyu ne ya gagara. Shi ne babin nazari, inda ɗalibi zai faɗi mazhabar da ya tsaya a kai. Alkasum ne mai kula da ita, kuma sau uku yana mayar mata da shi. Ya ce bai ga ƙasa ba, bai ga ƙarfi ba, labarin albasa kawai yake gani. Da ta rubuta yadda yake so, sai labari ya iso mata cewa Oumarou ya rantse in ta kawo masa wannan, sai baɗi. Ubanta kuma ya ce shekara huɗu ya yi alkawari, huɗun sun cika, da takarda ko ba takarda ta dawo gida.

Ta zo shagon da hantsi, ta zauna kan benci ta ja hijabi ta rufe fuska. Ummusalma ta bar ta ta yi kukanta, ta gama katin wani suna, sannan ta juyo.

“Mi kike so ki ce a babin? Bar su doktoci. Ke mi kinka gani?”

“Tanti, na ga an ruhe ƙohwa, kuma da gaske an ruhe, mutane sun wahala. Kuma na ga ba ranar da ba a wuce ba. In na hwaɗi na hwarko, wancan ya kada ni. In na hwaɗi na biyu, wanga ya ce ba karatu ba na.”

“Bar min shi nan. Ki dawo bayan kwana uku.”

Kwana uku ta yi a kai, daga lokacin da rana ta hau farantin zuwa lokacin da ta sauka. Ta fara da jimloli daga shafukan nan ashirin da shida da duka malaman suka gada, don ta san ba wanda zai ƙi abin da yake ji nasa ne. Ta ɗauko sakin layi biyu daga mazhabar ƙarfi, biyu daga ta haɗin kai. Daga nan takardunsu suka ƙare mata, ta zauna tana kallon allon ordinatar. A rayuwarta ba ta taɓa buga jimlar da ba ta gani rubuce a hannun wani ba. Ta tashi ta sha ruwa, ta share shagon da ba ya bukatar shara, ta dawo ta fara.

Ta rubuta cewa masu mazhabar ƙarfi sun tsaya a ƙofar duwan, wato kwastan, suna kallon sandar da aka gitta, kuma abin da suka gani gaskiya ne. Masu haɗin kai suna kallon takardun da gwamnatoci suka sa wa hannu, su ma akwai su. Amma dukansu a kan kwalta suke tsaye. A bayansu akwai hanyoyin gona, inda ake da dokoki da ba a rubuta ba, da masu hukunta wanda ya karya su, da amana da cuta, kuma jami'in da ke tsaron ƙofa da rana shi ma shinkafar da ta bi ta can yake ci. Ta ce ƙasa na iya rufe iyaka a rana ɗaya, amma ba ta iya rufe auratayya da kasuwa da gona, saboda haka mai nazari ya kamata ya tambayi wa aka rufe wa, wa kuma aka ƙara wa kuɗin hanya kawai. Shafi tara suka fito, cikin Faransanci irin na darasin, mai tsayin jimla da nauyin kai.

Da Nazifa ta karanta sai ta ajiye takardun kan cinyarta.

“Tanti, in anka tambaye ni wa ya rubuta hwa?”

“Zauna nan. Ki karanta jimla jimla. Wadda ba ki yarda da ita ba ki goge, wadda ba ki iya karewa ki goge. Abin da ya rage ki san kin ɗauke shi a kanki.”

Kwana biyu suka yi suna gardama. Nazifa ta goge shafi ɗaya da rabi. Ciki har da jimlar da Ummusalma ta fi so, wadda ta ce hanyar gona ba ta bambanta mai kuɗi da talaka. Nazifa ta ce ba haka ba ne, ta buɗo hirarta da wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta bar sana'ar gaba ɗaya saboda ba ta iya biyan kabu-kabu. Ummusalma ta ji haushi, ta ce yaran yanzu ba su da kunya, sannan ta goge da hannunta. Nazifa ta ƙara shafi biyu nata. Alkasum ya karanta, ya sa hannu a ranar.

An sa karewar kafin azumi. Ummusalma ta ɗauki kwafi huɗu da ta ɗinke ta ce za ta kai da kanta, ko da yake kullum ɗalibai ne ke zuwa karɓa. Shekara goma sha ɗaya tana buga wa gidan takardu, ranar ta fara hawa benensa. Zauren shi ne ɗakin cin abincin tsohon otal, har yanzu akwai tagar miƙo faranti. Darektan jami'ar na tsakiya, doktoci dama da hagu, kowanne ya karkata kujerarsa yana kallon bango. Ta ajiye kwafin ta samu kujera a baya cikin ɗalibai.

Nazifa ta yi bayaninta. Aka ba Alkasum magana. Ya ce babi na biyu shi ne mafi kyau da ya gani a sashen, kuma yana godiya ga Allah da ya nuna masa ɗaliba ta fahimci abin da ya yi shekaru yana koyarwa.

Oumarou ya yi gyaran murya. Ya ce, da izinin shugaba, shi ma ya yaba da babin, amma a gyara magana: harsashinsa duka daga darasinsa aka ɗauko shi. Ya zaro darasin daga jaka, ya buɗe shafi na bakwai, ya fara karantawa da ƙarfi. Bai kai tsakiyar jimlar ba sai aka ji wata murya mai sanyi ta ƙarasa ta. Alkasum ne, da nasa darasin a buɗe, shafi na bakwai.

Oumarou ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. “Kai! Ina ka samu wanga?”

“Ni zan tambaye ka.”

Maganar farko ke nan tsakaninsu cikin shekara shida. Suka wuce shafi na takwas, iri ɗaya. Na sha biyu, iri ɗaya. Kowanne na cewa an sace masa, 'yan mata na cusa hijabi a baki, samari sun sunkuyar da kai kafaɗu na rawa. Sai Alkasum ya tsaya, ya ambaci sunan tsohon malaminsu na Yamai, a hankali, kamar mai tuna mamaci. Darekta ya ga in ba a yi wani abu ba mutuncin gidan zai zube, sai ya juya ga Nazifa ya tambaye ta, a ganinta, wace mazhaba ce ta yi daidai. Ta ce ta tambayi mutum arba'in da uku, kuma kowannensu da safe yana cikin ɗaya, da yamma yana cikin ɗayar. Ta kawo misalin mai ƙuli-ƙuli. Ta yi minti goma tana magana ba ta duba takarda ba. Ummusalma ta sunkuya, ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

Aka ba Nazifa sakamakon da sashen bai taɓa ba kowa ba. Ba yadda za a yi, kowane dokta aikin kansa yake ba maki.

Bayan salla Oumarou ya shigo shagon da takardu rubuce da hannunsa, ya ce maƙala ce ta taron Dakar, sabon tunani ne da ya daɗe yana dafawa, kada kowa ya gani. Ta duba. Shafukanta ne, an sauya musu tsari, an ƙara sunayen Turawa a ƙasa. Har jimlar jami'i da shinkafa tana nan.

“Za ta yi kyau, Dokta,” ta ce. “Jibi in sha Allahu.”

Tana cikin bugawa washegari Alkasum ya shigo. Bai kawo takarda ba. Ya zauna kan benci ya daɗe yana juya makullin moto.

“Madam, Nazifa tana da ƙoƙari. Amma Faransancin shafi na ashirin da huɗu ba nata ba na. Ba nau ba na, ba na wancan ba na. Na yi ta tunanin wa ya san darasin nan biyu duka. Mutum guda na samu.”

Ummusalma ba ta ɗago ba. Mutumin da ya yarda da mutuwar kakanni ba adadi, yau ita ya zaɓa ya ƙi yarda da ita.

“Dokta, ni mai buga takarda ta.”

“Na sani. Ba zan hwaɗa ma kowa ba, yarinyar ta kare abinta da bakinta.” Ya miƙe, idonsa ya faɗa kan allon ordinatar. Ya karanta layi biyar, ya ga sunan da ke sama. “Ki sa mishi waƙafi nan, jimlar ta yi tsawo.” Da ya kai ƙofa ya juyo. “Buron rajista ba su ɗaukar wanda ba shi da bak, na tambaya. Amma aji nau na. In kina so, Litinin ƙarhe tara, akwai kujera.”

Ranar Litinin ta sa atamfar da ta ɗinka don salla, ta sayi sabon littafi da biro biyu. Chindo ya kai ta har ƙofa da motar haya, fasinjojin Dogarawa na ciki suna gunaguni. Ta zauna a baya. Alkasum ya shigo, ya buɗe tsofaffin takardunsa da suka yi ja, ya fara karantowa, ɗalibai na rubutawa. Ta rubuta layi uku ta ga ta riga shi da layi ɗaya. Ta ajiye biron. Na gefenta yana kallon ƙwallo a waya a ƙarƙashin tebur, wata na gyangyaɗi, fanka ba ta juyawa. Ba wanda ya yi tambaya, ba a kuma nemi a yi ba. Da aka tashi hutun rabin lokaci ta je ta yi wa Dokta godiya, ta ce akwai mai katin biki na jiranta, kuma gaskiya ne akwai.

A ƙasa ta dawo, ta cikin rana, ba ta hau kabu-kabu ba. Ta yi zaton za ta ji baƙin ciki, sai ta ji jikinta sakayau. Da Chindo ya tambaye ta yaya jami'a, ta ce, “Akwai zahi, kuma kujerun ba su da daɗi.” Littafin ta ba 'yarta ta ƙarshe.

An buɗe iyaka a wannan shekarar, kowane dokta ya ce hujjarsa ce ta ƙara tabbata. Yanzu suna magana da juna, galibi faɗa, a kan matakala, ɗalibai na ji. Sun daina aiko ta, kuma jarrabawar bara sai da ta makara mako uku. Maƙalar Oumarou ta fito a wata mujalla, ya sa ta cikin abin da dole ɗalibai su karanta, a shagonta ake yin fotokopinta. Aikin memwar ya ragu, yaran yanzu a waya suke haɗa abinsu su kawo a ɗinke kawai.

Nazifa ta aika takardar neman aiki ma'aikatar harkokin waje, har yau ba amsa. Ta koma Badagishiri, ƙungiyar manoman albasa ta ɗauke ta sakatare. Ita ke bin motoci zuwa iyaka da takardu, ita ke zama da dillalan Sakkwato in an samu saɓani. Watan da ya wuce ta shigo Ƙonni da yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka cimma, shafi uku da hannu, tana so a buga kafin dillalan su koma. Ummusalma ta karanta, ta tsaya a sharaɗi na huɗu, ta ce ba a faɗi wanda zai ɗauki asara ba in mota ta kwana uku a ƙofar duwan albasa ta ruɓe. Nazifa ta ce da gangan aka bar shi, in an taɓo shi taron zai watse. Ummusalma ta ce to ranar da ta ruɓe ma zai watse. Suka yi ta ja har azahar. Daga ƙarshe Nazifa ta fita waje ta kira shugaban dillalan a waya, ta daɗe tana magana tana kai da kawowa gaban shagon mai turare, sannan ta leƙo ta ce a rubuta rabi da rabi.